Sunan Ƙarshe a Shafin Capan

Margilan, 9 ga Nuwamba, 2009

Zuwa ga Baffana Shokir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ni ce Nafosat, 'yar yayanku Ravshan. Rabonku da ni ina shekara huɗu, yanzu ina sha shida.

Zan fara da abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko ƙawata Iroda. Shekara biyu ke nan ina ɓoye littattafan soyayya a sanduƙin Buvi, kakata, mahaifiyarku, a ƙarƙashin bargunan baƙi. Mama ta ce suna ɓata wa yarinya kai. Buvi ba ta gani sosai yanzu, bargunan kuma ba a ɗaga su sai an yi baƙi, mu kuwa ba ma yin baƙi. Makon jiya na zura hannu can ƙasa, sai na taɓo abu mai santsi. Capan ne na alharini, irin doguwar rigar da ake yafa wa mutum don girmamawa, kore mai ratsin ruwan zuma. Na kulle ƙofa na saka. Yana jan ƙasa, hannayensa sun wuce yatsuna. Na tsaya gaban madubi ina jin kamar wani zai ƙwanƙwasa taga ya ce shekara goma yana nemana. Ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Da na zo cirewa na ga shafinsa na ciki. Sunaye ne, kowanne da zaren zinariya a kan ɗan ƙyalle, daga 1971 zuwa 1998, ashirin da takwas. Zakarun Kofin Alharini ne, gasar tanis da ake yi a zauren masaƙa kafin a rufe ta. Na ƙarshe sunan Baba ne. Shi kaɗai ne ba ya kan ƙyalle, a jikin shafin aka ɗinka shi. A ƙarƙashin capan ɗin akwai ambulan mai adireshinku, babu komai a ciki. Na kwafe. Wannan ma laifi ne, na sani.

Ga dalilin takardata. Zauren nan gidan biki ne yanzu, kuma da bazara za a rushe shi. Malama Sayyora ta gidan tarihi tana so ta ajiye capan ɗin a bayan gilashi kafin bikin Navruz na sabuwar shekara, a watan Maris, da allo a gefe mai sunayen zakaru. Takardun gasar duk an hura wuta da su shekarar da aka yanke gas, sunayen shafin nan kaɗai suka rage. Ta ce tunda ina son rubutu, in rubuta layi biyu a kan kowane suna. Baba ya ce, "Za a duba," ya fita. Buvi ta ce kanta na ciwo. Iroda ce ta ji daga kakanta cewa ku ma kun buga. A gidanmu ba a ambatar sunanku, sai dai Buvi in tana addu'a, shi ma can ƙasa-ƙasa.

Baffa, ku gafarce ni, tambaya ɗaya. A littattafan da nake karantawa, in wa da ƙane suka daina magana, mace ce sanadi. Mama ce? Ba zan faɗa wa kowa ba. Ku aiko amsa ta gidan su Iroda.

Ku huta lafiya.
'Yarku,
Nafosat

*

Surgut, 6 ga Disamba

Nafosat,

Wa alaikis salam. Takardarki ta same ni a wurin aiki. Ina share filin tanis na cikin gida da 'ya'yan masu haƙar mai ke wasa, ina ɗaure musu igiyar raket. A tsaye na fara karantawa, sai da na nemi kujera.

Mamarki? Allah Ya tsare! Matar da ta taɓa jifana da silifa don na cinye mata rumman? Rage karatun nan, yarinya. Ko kuma kar ki rage, me na sani.

Ɗauki biro. A cikin kwana arba'in na tsananin sanyi ake gasar. Bututun tururi daga tukwanen da ake dafa ƙwanson tsutsar alharini sun bi ta ƙarƙashin bencina, shi ya sa dusar ƙanƙara na zuba a waje, mu muna gumi a ciki. Wari kuwa! Baƙi daga Tashkent sukan toshe hanci ranar farko, rana ta uku sun daina ji. Daɓen katako ne, ƙwallo ba ta tashi, sulalewa take yi. Mai jira ta zo masa ba ya cin Kofin Alharini.

Rinat, 1971 da 72. Ɗan ƙabilar Tatar, mai gyaran wutar masaƙa. Shi ya zana layukan filin da hannunsa, shi ya sa ba a taɓa cin sa gardamar layi ba. Ya rasu.

Valentin, Bakoriye, sau shida. Ba a taɓa ganin haƙoransa ba. In ƙwallonsa ta taɓa raga ta faɗa ɓangaren abokin wasa, har ragar yake ba haƙuri. Na ji yana noman albasa a nan Rasha.

Garik bahago, mai cire haƙori, sau uku. Ya tafi Amurka.

Lev, sau huɗu. Ya tafi Isra'ila a 91, ya bar karensa a ƙofar zauren. Shekara biyu muna ciyar da shi.

Tolib, 1983, ɗan unguwarmu na farko da ya ci. An dafa osh, shinkafarmu ta biki, tukunya uku, har liman ya zo kallo bai san ƙa'idar wasan ba, yana ta tafi in an buga waje. Giya ta kashe Tolib.

Sauran na rubuta miki a bayan takarda. Ki lura, ba ko ɗaya da ya rage a garin.

Ga yadda ake yi da capan. Ranar jajiberen wasan ƙarshe, babbar mai ɗinkin masaƙa tana ɗinka ƙyalle biyu, sunan kowane ɗan wasa a kan ɗaya. In an tashi, sai a manna na wanda ya ci a shafin nan take, tsohon zakara ya yafa masa a gaban jama'a. Wanda ya sha kaye kuma ya karɓi nasa ƙyallen, ya je da ƙafarsa ya jefa a wutar tukunya. Ba mai raka shi. Shekara sha tara kakarki ce mai ɗinkin.

Na 1998 kuwa, tambayi babanki da nawa aka tashi.

Ki gaishe da Iroda, mai gidan waya.
Shokir

*

Margilan, 3 ga Janairu, 2010

Baffa,

Assalamu alaikum, da fatan sanyin can bai matsa muku ba. Na karanta takardarku sau tara. Na yi kuka a kan karen Lev, har na ba shi suna a raina.

Na tambayi Baba. Kwana shida ina haɗa maganar a baki. Kun san yanzu motar haya yake ja tsakanin kasuwa da tasha. Ranar Alhamis na kai masa gurasa, direbobi na zaune suna shan shayi. Duk "Zakara" suke ce masa. Wani mai suna Hoshim ya ce, "Zakara, wannan motar taka ai ta girme ka, a kai ta gidan tarihi tare da rigar mana!" Baba ya ce, "Kai za a fara kaiwa, a rubuta a ƙasa: wannan bai taɓa cin komai ba sai abincin mutane." Aka kwashe da dariya. Baffa, a nan kaɗai nake ganin yana dariya. A gida ko tari a hankali yake yi.

A hanyar komawa na ce, "Baba, wasan ƙarshen nan da nawa aka tashi?"

Ya ce, "Wa ya aiko ki?"

Na ce, "Ba kowa. Na allon Malama Sayyora ne."

Ya ce, "Na manta." Ya ƙara ƙarar rediyo. Wata tsohuwa da buhu ta ɗaga hannu, ya wuce ta, shi da ba ya wuce fasinja ko da kaza ce.

Jiya na je zauren. Sun rufe daɓen da tayil, sun rataye fitilu masu walƙiya, warin man suya ne kawai. Hoton Baba na nan a lungun da ake wucewa da faranti, sanye da capan. Tun ina ƙarama nake kai ƙawayena su gani. Jiya ne na fara kallon sa da kyau. Bencinan bayansa babu kowa. Gashinsa a taje yake, busasshe. Kuma takalmin fita ne a ƙafarsa, baƙi, mai igiya. Mutumin da ya gama wasa yanzun nan ba ya kama da haka, ko a littafi.

Ina tsoron amsar, amma ku faɗa mini.

'Yarku,
Nafosat

*

Surgut, 27 ga Janairu

Nafosat,

Salam. Idonki na kakarki ne, lokacin da take gani.

Ni da babanki muka kai wasan ƙarshe a 98. Yana da shekara talatin, ina da ashirin da biyu. Sau uku yana kaiwa wasan ƙarshe ana kayar da shi. Masaƙa ta fara sallamar ma'aikata, kowa ya san gasar ba za ta sake zagayowa ba. Shi ya koya mini riƙe raket, da nasa na fara.

Ba wanda ya ce mini in sassauta. Da an faɗa ma da ya fi. A gidanmu ban taɓa shiga ƙofa kafin shi ba, ban taɓa sa hannu a kwano kafin shi ba, "ku" nake ce masa tun ina koyon magana. Kowa ya ɗauka na san abin da ya kamata. Ni kuwa na ɗauka cikin layukan Rinat babu wa babu ƙane.

Ya ci zagayen farko, na ci na biyu. Na uku na ci shida da huɗu. Da ƙwallon ƙarshe ta wuce shi, zauren ya yi tsit, har kukan bututu ake ji. Babanki ne ya fara tafi, wannan ba zan hana shi ba. Ya zo raga ya riƙe kaina ya ce, "Ka iya, ɗan banza."

Aka kawo capan. Na ga alƙalin wasa na raɗa da mahaifiyarmu, ba a manna komai ba, aka yafa mini da sauri. Ban kawo komai a raina ba. Sai a ɗakin canza kaya na buɗe shafin, ina so in shafa sunana da yatsa. Ravshan, 1998. Ba a kan ƙyalle ba, a jikin rigar, ɗinki mai kyau, wanda ba a yi don a warware ba. Ƙyalle biyu ake yi, Nafosat. Shekara sha takwas tana ɗinka biyu-biyu. Da aka zo kan 'ya'yanta biyu, ɗaya ta yi.

Na ninke capan na ajiye a benci. Bayan kwana uku na hau jirgin ƙasa. Mai hoton jarida ya makara, sai washegari ya zo, aka ce masa zakara ba ya nan, ya buɗe riga ya karanta suna, aka kira babanki daga gida. Ya saka. Waɗanda suka ga wasan suka watse ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, hoto ya zauna.

Takarda ɗaya na rubuto gida, a 2004. Layi ɗaya ce: an gyara? Ba a amsa ba.

Ki rubuta abin da kika ga dama a allon. Ni ban roƙe ki komai ba.

Shokir

*

Margilan, 11 ga Fabrairu

Baffa,

Assalamu alaikum. Kwana huɗu ban buɗe littafi ko ɗaya ba. A cikinsu akwai mugu, ana gane shi tun shafi na goma. Na duba gidanmu kaf ban samu wanda zan tsana ba.

Buvi na kwance tun makon jiya, likita ya ce zuciya ce. Jiya da hantsi ina taje mata gashi, Mama ta tafi kasuwa, sai na ji bakina ya ce, "Buvi, na rubuta wa Baffa Shokir."

Ta ce, "Na sani. Kin ɗauka makanta kurumta ce? Ina jin ki kina buɗe sanduƙi kamar ɓera. Littattafan naki ma duk warin turarena suke."

Na ce, "Me ya sa ƙyalle ɗaya?"

Ta ce, "Na zauna na yanka biyu. Na zura zare zan fara na Shokir, sai hannuna ya ƙi. Na ce, in na ɗinka wannan, ai na ce ɗana zai iya kunyata wansa a gaban gari. Wace uwa ce za ta zargi ɗanta da rashin tarbiyya? Wallahi yabon sa nake yi a raina, 'yar nan. Yabon sa nake yi."

Ta ce in ɗauko gwangwanin shayi na bayan madubi. Ƙyalle ne a ciki, nannaɗe da auduga. Shokir, 1998. Ta ce ranar da kuka hau jirgi ta ɗinka shi. Na ce, "To me ya hana ki mannawa?" Ta ce, "A ina? Shekara ɗaya, wuri ɗaya. Sai na warware wancan. Sau nawa na ɗauki reza. Na ga babanki ya dawo daga tasha, ba masaƙa, ba wasa, ba ƙane, abu ɗaya ya rage ake kiran sa da shi. In farke ɗa ɗaya in ɗinka ɗaya? Ke ki yi in kin iya."

Ban iya ba, Baffa. Na rubuta layi ashirin da bakwai na Malama Sayyora, na bar na ƙarshe fari. In na rubuta sunanku, su Hoshim za su karanta, kuma kun san bakin direbobi. In na rubuta na Baba, na zama mai hoton jarida ta biyu.

Buvi ta ce in aiko muku da ƙyallen, ga shi a ciki. Ba ta ce ku zo ba, kun san ta. Amma duk motar da ta tsaya a ƙofa sai ta gyara ɗankwali. Ku zo. Ba sai kun yi magana da kowa ba, ku zauna kawai ta shafa fuskarku. Kwana huɗu ne a jirgin ƙasa, na tambaya a tasha.

'Yarku mai roƙo,
Nafosat

*

Surgut, 24 ga Fabrairu

Nafosat,

Salam. Ƙyalle ya iso. Ɗinkinta ne, har yadda take karkatar da harafin farko.

Ba zan zo ba. Zan iya ce miki takarduna ne, in na fita ba za a bar ni in dawo ba, kuma gaskiya ne. Amma ke ba a yi miki ƙarya, kina duba takalmi. Na je tasha ranar Lahadi, na tsaya a layi, da aka zo kaina na ba na bayana wuri. Yaro ɗan ashirin da biyu take jira. Wanda zai sauko daga jirgi mai sanƙo ne, mai tsintsiya, wanda ya shekara sha biyu yana buga wasa ɗaya a kansa.

Ki ce mata na gani. Ki ce ɗinkin ya yi kyau.

Ga ƙaramin ambulan na babanki, a liƙe. Ki ba shi, ko ki sa a murhu. Ni na kasa zaɓa, na ɗora miki, kuma na san ba adalci ba ne.

Ki ci gaba da karatunki. Littattafan aƙalla suna ƙarewa.

Baffanki,
Shokir

*

Margilan, 19 ga Maris

Baffa,

Assalamu alaikum. Buvi ta rasu ran biyu ga wata, bayan azahar. Takardarku ta iso ran biyar. Na je kabarinta na faɗa mata ɗinkin ya yi kyau.

An cire rufin zauren. Da suka fasa tayil, layukan Rinat na nan a kan katakon, farare. Ruwa na ta zuba a kansu.

Kwana sha huɗu ambulan ɗinku na cikin littafina. Ban buɗe ba, amma na matsa shi da yatsa, na ji ƙyallen a ciki. Ban sani ba ko cewa kuka yi ya manna, ko kuwa ya jefa muku a wuta, tunda ku ba ku kusa da tukunya. Sau biyu na buɗe murhu na rufe.

Jibi Navruz. Gobe Malama Sayyora za ta zo da mai rubuta allo, layin ƙarshe har yanzu fari ne. Jiya Baba da kansa ya fito da capan ya rataye a ƙofar ɗakin Buvi, shafin a waje. Ya daɗe a tsaye a gabansa, ya ce, "Shida da huɗu." Bai juyo ba, ban san ko da ni yake ba.

Ba na sa ran komai. Buvi ba za ta dawo ba, ku ba za ku zo ba, kuma watakila daga yau ko a tasha ba zai ƙara dariya ba. Amma sunansa ne a bayan ambulan, ba nawa ba.

Ga shi can a tsakar gida yana ɗumama mota. Shayinsa ya yi. Zan sa ambulan ɗin a kan faranti, kusa da gurasa, in kai masa da hannuna.

Ku huta lafiya.
'Yarku,
Nafosat